Rigar da Ba a Wankewa

Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In an ga magana ta tsinke a wani wuri, kuka ne ya tsayar da ni, don har yau ban iya ambaton mutumin nan da busassun idanu ba.

Maigidana ya rasu bara da kaka, ana cikin girbin hatsi. Shi ne mabugi na ƙarshe a unguwarmu ta marina, nan cikin tsohon garin Magarya. Mabugi shi ne wanda ake kai wa tufa bayan ta fito daga ramin rini, ya shimfiɗa ta bisa gungume, ya barbaɗa mata garin shuni, ya yi ta dukanta da sanda mai nauyi har ta ɗauki ƙyalli. Ya daɗe da ajiye sandar kafin ya rasu. Ba ƙarfi ne ya ƙare masa ba, masu kawo aiki ne suka ƙare.

A unguwarmu in mutum ya rasu, kafin sadakar bakwai ana fito da tufafinsa duka a wanke, a shanya, sannan a raba wa magada da mabukata. Ba a sa wa mai rai tufar mamaci sai ta ga ruwa. Haka na tarar. Ni da hannuna na wanke na uwar mijina, na taya maƙwabta wanke nasu, ban taɓa tambayar dalili ba, sai da abin ya zo ƙofar ɗakina.

Wadda ta tsaya kan wankin yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, da ta yi aure a Mallawa. Ta girme ni, da sanda take tafiya, amma muryarta na nan kamar ta budurwa mai talla. Tun ranar da aka kawo ni amarya daga Sassumbrum take kirana 'yar ƙauye, ni kuwa Yaya nake ce mata. Ba gaba muke ba. Ita ta riƙe mini ɗan farina tun da aka yaye shi, kamar yadda ake yi, ta raine shi har ya zama mutum, yanzu yana aikin gwamnati a Damagaram. Nata da ta haifa duk ta binne su suna ƙanana. Shi kaɗai gare ta.

Ana gobe sadakar bakwai, da hantsi, ta sa matan 'ya'yana suka jawo akwatin ƙarfensa zuwa bakin ƙofata, don makullin yana ɗaure a bakin zanena. Ina zaune bisa tabarma cikin takaba, ba mai, ba kwalli, mayafi har goshi. Na kwance makullin na miƙa. Ta zauna bisa kujera 'yar tsugunne, ta ɗaga murfin, ta fara zaro tufafi ɗaya bayan ɗaya tana jefa wa yaran.

Na san abin da ke ƙasan akwatin nan. Ita ma ta sani. Ba wadda ta dubi 'yar'uwarta.

A sama kaftanun shadda ne masu aikin keke, waɗanda 'ya'yansa ke aiko masa da Salla. Wasu ko ninkinsu bai ɓata ba. Yakan ce shadda ƙyallin aro gare ta, amma in yaran sun zo sai ya sa, ya zauna a zaure a miƙe kamar wanda aka ɗaure da kara. Akwai jallabiya fara da maƙwabcinmu ya kawo masa tsarabar Makka, da wata rigar sanyi ta bosho, wato gwanjo, da ya saya a kasuwa, wadda ya fi so a kan duk shaddojin.

“Dubi wannan,” in ji Yaya, tana ɗaga rigar sanyin da yatsa biyu. “Ɗan gidan marina da tsumman Nasara.”

Matan suka yi 'yar dariya. Ni ban iya ba. Idona na kan hannunta, yana ƙara nutsewa.

Ƙarƙashin waɗannan sai rigunan yadi masu santsi, na zamanin da kaya suka fara kwararowa daga Kano ta kan iyaka, a bayan kekuna da raƙuma, ana zagaye 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ta cikin gonaki. Zamanin nan ne ya kashe unguwarmu, kuma da murna muka tarbe shi, ban cire kaina ba. Da na fara ganin atamfa mai ganye ja da ruwan ɗorawa a jikin matar wani mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, kwana na yi ina tunaninta. Ba nauyi, ba ta zuba, ka wanke da safe ka ɗaura da azahar. Teloli suka kafa kekunan ɗinki a zaurukan da a da ake tara turkudi. 'Yan mata suka koma riga da zane, sai ɗinkin taibas mai matse ƙugu, tsofaffi na salati. Daga nan aka shiga anko, biki ɗaya zane ɗaya, unguwa duka kamar an yanko ta daga bandir guda. Bayan shi hijabi ya zo, ya fara daga kafaɗa, ya sauko gwiwa, ya kai idon sawu. Yanzu jikokina abaya suke nema a cikin wayar salula, su nuna wa tela hoto.

Amma lokacin da aka kawo ni, kafin ka shigo unguwar nan hanci ke gaya maka ka iso. Warin baba da toka daga ramukan rini, sannan ƙarar bugu tun hantsi har la'asar, mutum biyu na fuskantar juna bisa gungume ɗaya, wannan ya sauke wancan ya ɗaga. Da fari kaina ciwo yake. Daga baya in an tsaya ranar Juma'a sai in ji garin ya yi mini faɗi. Buzaye na durƙusar da raƙuma a bakin unguwa suna jiran turkudi, baƙin ƙyallen nan da suke naɗawa a ka, su ɗaga shi a rana, su goga da yatsa, in yatsan bai yi shuɗi ba su ajiye. Mata kuwa ɗaurin ƙirji muke da baƙin zane na saƙa, kafaɗa a waje, fatala a ka. Kitson doka ake yi, ya tashi a tsakiyar kai kamar kunyar gona, a shafe shi da man shanu da shuni. In mace ta yi gumi shuɗi ya gangaro mata ta wuya, wannan shi ne ado. Yau ramukan an cike su, an yi shagon cajin salula a kan na uban mijina.

Yaya ta wuce fararen rigunan alawayyo. Ta wuce wandunan buje masu faɗin da yaro zai ɓuya a ciki. Ta zaro rigar saƙi mai zanen zabo, ta riƙe ta ɗan jim, ta ce ta babansu ce, sannan ta jefa. Tsibin tufafi ya yi tudu a tsakar gida. Matar ƙaramin ɗana ta riga ta jera daro-daro, tana zuba ruwa.

Sai hannun Yaya ya taɓa takarda. Na ji ƙararta.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da gwiwoyina ba sa tashe ni sai na dafa bango, sai ga ni a kan akwatin, na riga ta ɗauka. Na koma tabarmata na zauna, ƙunshin na bisa cinyata, na rufa masa hannu biyu.

Rigar kore ce. Yaran yanzu in ka ce kore sai su zaci launin ganye. Babbar riga ce ta saƙar hannu, da aka tsoma a ramin rini aka kuma tsomawa har ta wuce shuɗi ta koma baƙa, sannan aka buge ta da shuni har ta yi ƙyalli mai ja-ja, kamar bayan ƙwaro in rana ta haska shi. Shekarar da ubansa ya sakar masa gungume ya yi ta. Daga wajen Dungas ya sayo saƙar, mai ɗinkin hannu ya cinye damina guda a kan aikin wuyanta da aljihu, shi da ubansa suka buge ta, suna fuskantar juna. Salla zuwa Salla yake sa ta, sai ko sunan jika. In ya dawo daga idi ba ya zama da ita. A tsaye zan karɓa, mu ninke tare, a naɗe a takarda, a rufa da gwado. Ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ko hadari ya taso yana hanya, sai ya tuɓe ta ya ƙunshe a hammata. Ƙyallin nan a saman zare yake zaune, ruwa na taɓa shi ya tafi.

“Ke 'yar ƙauye,” in ji Yaya, a hankali. “Kawo.”

“Yaya, wannan ba a wanke ta.”

“Ni za ki gaya wa? A gidan nan aka yanke mini cibiya. Ina kai wa babanmu fura a mabuga ke ba a ma yi auren uwarki ba. Kawo, rana na yi.”

“In ta shiga ruwa ta mutu.”

“Mai ita ma ya mutu.”

Matan da ke tsakar gida suka tsaya cak, guga a hannu. Masu zuwa gaisuwa biyu da suka shigo da sallama suka rasa inda za su zauna. Na ji hawaye na bin haɓata, na kauda kai kada ya ɗiga a takardar.

Na ce, “Ai ba ta taɓa jikinsa ba. Kin sani, a kan farar riga ake ɗora ta, farar ma a kan 'yar ciki. Abin da bai taɓa fata ba, me za a wanke a ciki?”

Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, “Mazan da suka yi masa wanka da shuɗin hannu suka fito. Duk zaure an gani. Daga ina shunin ya zo?”

Gaskiya ta faɗa. A kwanakinsa na ƙarshe zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi, bargo biyu bai ishe shi ba. Ya ce in ɗauko masa koren. Na zaci ruɗewar ciwo ce, ya sake faɗa da hankalinsa. Na warware ta na rufa masa, daga shi sai zane a ƙugu. Ya yi ta shafa ta da tafin hannu. A nan ne ya ce mini, “Babban yaron za a ba. Ya sa ta, mutane su gani. Kada a bar ta a akwati gara ta ci.” Da na ga numfashinsa ya canza, na janye ta na ninke ni kaɗai, na mayar. Bai ce a wanke ba, bai ce kada a wanke ba. Shi da ya san al'ada ya kuma san riga, ya tafi ya bar ni da biyun.

Na gaya wa Yaya wasiyyar, a gaban kowa.

Ta ce, “To madalla. Ɗana zai sa. Shi ya sa za a wanke.”

“In an wanke, me zai sa? Baƙin tsumma?”

“Ya sa tsumma yana numfashi.” Muryarta ta tashi. “Ke kin haifa kin ga sun girma, har kina da na zaɓe. Ni guda ɗaya Allah ya bar mini, shi ma aro kika ba ni. Gumin mutuwa na cikin rigar nan. Ba za a ɗora masa ita ina raye ba, wallahi, sai dai a ɗora a kan gawata.”

Wata maƙwabciyarmu, tsohuwa irina, ta ce a kira liman mana a ji. Aka aika. Limamin unguwarmu abokin marigayi ne tun suna yara. Ya zo ya tsaya bayan zanar da ta raba tsakar gida da zaure, ya yi sallama, ya ji ta bakin kowa. Ya ce shi dai bai san inda addini ya wajabta wanke tufar mamaci ba in ba najasa a jikinta, al'ada ce ta gari, wanda ya yi bai yi laifi ba, wanda ya bari bai yi laifi ba. Ya ce abin da ya sani haramun ne shi ne 'yan'uwa su ɓata a kan ƙyalle, kabari bai bushe ba. Ya yi wa mamaci addu'a ya koma.

Na zaci na samu. Yaya ta ce, “Kun ji. Wanda ya yi bai yi laifi ba.” Ta juya ga matan. “Ku kira mini ɗana.”

Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa ƙasa. Ni ba na kiran sunansa, ba na yi masa magana kai tsaye sai dole, kunyar ɗan fari ce, haka muka tashi. Shi ma in zai gaya mini abu, bango yake kallo. Furfura ta fara fito masa a gemu, ranar na lura.

Yaya ta ce, “Ubanka ya bar maka kore. Ga uwarka ta zauna a kai kamar kaza. Ka gaya mata.”

Ya ce, “Inna, a yi haƙuri.” Ita yake kira Inna. “Ai abin mai sauƙi ne. A wanke, in na samu hutu in kai ta Kano. Har yanzu akwai masu rini da bugu a can, su mayar da ita sabuwa.”

Na dubi Yaya. Ita ta amsa, muryarta ta sauka. Ta ce zaren ya tsufa. Ta ce karo na ƙarshe da ƙanenta ya so ya ɗan taɓa ta da sanda, sau ɗaya ya sauke, saƙar ta buɗe a kafaɗa, ya ajiye sandar ya ɗinke wurin da allura. In aka ɗora ta a gungume yanzu, gari za a kwaso. Ban san ta san wannan ba. Ashe ya gaya mata.

Na dubi bango na ce, “A tambaye shi. In aka ba shi haka yadda take, zai sa?”

Ina jin ruwa na ɗiga daga tufafin da aka fara shanyawa. Ina roƙon Allah a zuciyata ya ce zai sa. Da ya faɗa, da na tsaya a kai ko Yaya za ta tafi Mallawa ba sallama.

Ya ce, “Ni ba tsoron mutuwa nake ba, kowa da ranarsa. Amma Inna ba za ta sake barci ba in na sa. Ko tari na yi a Damagaram, za ta ce rigar ce.” Ya share fuska da hannun riga. “In an bar ta haka, zan karɓa in ajiye da daraja. Sawa ce ba zan yi ba.”

Ya tashi ya fita. Yaya ta bi shi da ido. Ta sa aka ja kujerarta zuwa inuwar bango, daidai inda za ta riƙa ganin ƙofata, ta zauna, ta ɗora haɓa a kan sanda.

Haka muka wuni. Aka wanke shaddoji, aka wanke alawayyo, igiyoyi suka cika har aka shanya wasu a kan danga. Daro ɗaya aka bari da ruwa mai tsabta a tsakiyar gida, ba wanda ya taɓa shi, kaji na zuwa sha ana kora. Aka kawo mini fura na kasa sha. Da na tashi sallar azahar da ƙunshin na shiga bayan gado, na ajiye shi gabana, don ban yarda in juya masa baya ba. Mata na shigowa gaisuwa, su ce ya haƙuri, idonsu na kan cinyata. Na ji wata na raɗa a waje cewa tsohuwa ta riƙe kayan gado. Wata ta ce a'a, ƙwaƙwalwa ce ta taɓu.

Na buɗe bakin takardar kaɗan. Ko a duhun ɗaki tana ƙyalli. Na sa hanci. Warin shuni, da hayaƙin itacen turaren da yake sa mata, da shi kansa. Duk abin da ya rage na hannunsa a duniya yana saman zaren nan, kowane wuri sandarsa ta sauka. A unguwar nan kaf ba sauran wata. Masu irinta an binne su, rigunan an wanke, wasu an sayar wa masu yawon sayen tsofaffin kaya. In na riƙe ta, tana nan yadda ya bar ta, a cikin duhu, ba mai gani, har ranar da ni ma za a jawo nawa akwatin. In na sake ta, za a gani, amma ba abin da ya so a gani ba. Na yi ta juya maganarsa. Ya sa ta. Abin da ya fara faɗa ke nan.

Inuwa ta fara tsawo. Riga mai nauyi irin wannan in ba ta shiga ruwa kafin la'asar ba, ba za ta bushe kafin safiya ba. Yaya ta san haka, shi ya sa ba ta ƙara magana ba, rana take bari ta yi mata.

Na dafa bango na tashi. Na fito tsakar gida, karo na farko tun da aka fita da gawar maigidana. Hasken ya kashe mini ido.

Na ce, “Ba mai taɓa ta sai ni.”

Yaya ta ce, “Ke kaɗai ba za ki iya ɗaga ta ba in ta sha ruwa.”

“To ni da ke.”

Na warware ta a rana. Na so kowa ya gani tukuna. Na riƙe kafaɗa ɗaya, Yaya ta jingine sandarta ta riƙe ɗaya, muka buɗe ta iyakar hannunmu. Matan 'ya'yana ba su taɓa ganin ta kusa ba. Ɗaya ta ce, “La ilaha illallahu, kamar ƙarfe.” Maƙwabciyar nan tsohuwa ta rufe baki da mayafi tana kuka. Na ce a leƙa zaure a ce duk mai son gani ya leƙo. Wasu tsofaffi suka tsaya a bakin zana.

Sai ga matar ƙaramin ɗana, baiwar Allah, ta taho da ledar garin sabulu za ta zazzaga a daron.

“Ke!” Ni da Yaya baki ɗaya. Yarinyar ta saki ledar ta yi baya.

“Za ki wanke buhun albasa ne?” in ji Yaya. “Kauce. Ruwa kawai, mai sanyi.”

Muka durƙusa. Na yi bisimilla. Gefen ƙasa ya fara shiga. Nan take ruwan ya yi baƙi, wani ja-ja ya taso yana yawo a sama kamar mai. Shi ne ƙyallin. Ina kallon sa yana barin rigar yana zagaya daron. Na danna ta da tafin hannu har ta nutse duka, aikin wuyan ne ya shiga a ƙarshe. A nan na fasa kuka da murya, irin wanda ban yi ba ranar da aka ɗauke shi. An ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Ba wanda ya hana ni. Yaya na gefena tana cewa, “Ƙanena, ƙanena,” hawayenta na zuba cikin ruwan.

Ba mu cuɗa ba, ba mu murɗa ba. Muka ɗaga, muka sake tsomawa a sabon ruwa, muka ɗaga. Na ce ya isa. Ta dube ni, na ga tana so a ƙara, amma ta ce ya isa. Nauyinta ya kusa kayar da mu, sai da matan suka tallafa. Muka juya cikinta waje, muka shimfiɗa bisa sabuwar tabarma a inuwa, inda iska ke bi.

Da safe ta bushe, sai ɗan sanyi a wuya. Baƙa ce har yanzu, mai shuɗi-shuɗi, amma ta yi laushi ta faɗi, kamar fuskar wanda ya tashi daga jinya. Aikin allurar ya fito sarai fiye da da. Ƙyalli kam babu.

Kafin a fara addu'a ɗan farina ya shigo da ita a jikinsa, a kan farar shadda. Ta yi masa tsawo, ubansa ya fi shi tsayi. Hannuwan na ja a ƙasa, ya tattaro su a gaba ya rungume kamar mai ɗauke da wanki.

Yaya ta ce, “Dubi ma'aikacin gwamnati. Wa ya ce maka haka ake riƙe riga?”

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta hana ta. Ta dube ni ta ce, “Ke, gyara masa mana. Yau ba ranar kunya ba ce.”

Na matsa. Rabon da in taɓa shi tun da aka yaye shi. Na kama bakin hannun dama na tattara, na aza masa a kafaɗa, na zagaya na yi na hagu. Na ce, ina kallon rigar, “In za ka zauna, ka ɗaga bayan tukuna. Kafaɗar nan akwai ɗinki, kada ka ja.” Ya ce to.

Ya fita zaure. Ɗakina na kusa da zana, ina jin kome. Maza na ta hayaniyar gaisuwa, sai na ji ta yanke. Can wani, daga muryarsa matashi ne, ya ce, “Wannan wace irin riga ce?” Liman ya ce, “Kore ce. Ta ubansa.” Wani tsoho ya ce, “Jiya kore ce.” Liman ya ce a yi salati, aka fara addu'a.

Ya tafi da ita Damagaram. Yaya ta koma Mallawa, tana aiko mini da kuka da daddawa in an samu mai zuwa, kuma an ce tana barcinta lafiya. Salla biyu ta wuce tun daga nan. Kowace na sa ƙaninsa ya kira shi a salula ya tambaya ko ya sa. Ya ce ya sa ƙaramar Salla. Babbar Salla ya ce an yi zafi ƙwarai, amma zai sa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙan maigidana, ya sanyaya makwancinsa, shi da duk waɗanda suka yi bugu a unguwar nan. A tsaya nan, na gaji.